Allon Rumfar Taliya

Da hukumar birni ta tashe mu daga bakin titi, inda na daɗe ina sayar da taliya a gindin wata bishiya, ta kai mu sabuwar kasuwar abinci ta nan Penang, sai aka ce kowa ya kafa allo a saman rumfarsa. Mu kuwa a nan ba a rubuta allo babu kalmar Turancin nan famous, wato shahararre. Wanda ya fara suyar ayaba jiya ma shahararre ne. Ni ma na bi sahu, aka rangaɗa mini da sunana: Famous Siew Kuen.

Taliyata da romon kifi ba su canza ba, amma ciniki ya tsaya cak. Kullum sai na zubar da rabin tukunya. Tsoro ya kama ni sosai, don rumfar da ba ta ciniki karɓewa ake yi a ba wani.

Wata safiya ina cikin balbale mai kawo mini kifi da faɗa, sai na ji an ce, "Ashe kina nan!" Malam Periasamy ne, tsohon malamin Turanci, wanda a kan taliyata ya yi furfura.

"Yaya, na zaga kasuwar nan har na gaji. Ba don muryarki ba da na wuce. Wace ce kuma Siew Kuen?"

"Ni ce mana! Tsufan ya kai ƙwaƙwalwa ne?"

Ya kwashe da dariya. "To yau na fara ji. Famous shi ne wanda ake sanin sunansa ba a taɓa ganinsa ba. Ke familiar ce, wadda aka saba da ita kamar 'yar gida. Sunanki kuwa ba wanda ya sani."

"To me kuke kirana?"

Ya sosa ƙeya. "Masifaffiyar gindin bishiya."

Na ɗaga ludayi, ya ja da baya. Na wuni ina cika ina batsewa, amma washegari na sa aka goge allon aka rubuta hakan. Har gobe ina gode wa mutumin nan, kifi kawai nake ƙara masa ba na cewa komai.

Ranar da aka canza allon, kafin tsakar rana layi ya kai bakin ƙofa, duk fuskokin da na sani. Wata tsohuwa, Madam Beh, ta kama hannuna ta riƙe gam, idonta ya ciko.

"Ce mana aka yi kin mutu," in ji ta.

Na buɗe baki in daka mata tsawa ta sakar mini hannu, aiki nake yi. Muryar ta ƙi fita.