Na Silba Na Fita Ne

Tun da Inna ta rasu, Auta ce take dafa wa Baba abinci. Takan dafa a gidanta da safe, ta biya ta ajiye masa a firij, sannan ta wuce shagon ɗinkin da take aiki. Da farko a kwanukan gilashi masu murfi take zubawa, waɗanda Inna ta bari a kabad ɗin sama. Sai ranar da ɗaya ya suɓuce daga hannun Baba, don hannun ya fara rawa tun bayan rasuwar. Ya sunkuya zai tsince, ya taka. Sai da aka yi masa ɗinki a tafin ƙafa.

Ranar Auta ta kwashe gilasan kaf, ta naɗe su a tsofaffin zannuwa, ta tura bayan kabad. A kabad ɗin ƙasa ta tarar da kwanukan silba, an jera su ƙarami cikin babba, duk sun sha aiki har sun lotse. Ta ce to, waɗannan ko daga bene suka faɗo ba abin da zai same su.

Kuma abin kamar ya yi. Kullum ta zo sai ta tarar da kwanon silba a wanke, an kife shi a gefen famfo. Babu ko ƙwayar shinkafa.

"Baba, ya yi daɗi?"

"An ce ya yi daɗi," in ji shi.

Ba ta kawo komai a ranta ba. Baba dama haka maganarsa take, ko ciwon kansa zai faɗa sai ya ce an ce kai na ciwo.

Abin da ya fara ɗaure mata kai wando ne. Baba ya miƙo mata ya ce ta ɗan rage masa ƙugu. Ta rage. Ba a jima ba ya sake miƙo shi. Ta zauna a gaban keke da wandon a cinya, tana kallon tsohon layin zarenta. Mutumin da ke cinye kwano guda kullum, ina naman yake tafiya? Ta kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga wata cuta ba, a dai ƙara masa abinci. Ta ƙara. Kwano ya dawo a wanke. Wuyan Baba ya ci gaba da fitowa daga riga kamar na kaza.

Yaya, babban wansu, ya zo ya tsaya a kicin yana juya kwanon silba a hannu.

"Wannan ƙarfen ne. Matata ta ce yana canza ɗanɗanon miya. Ki koma gilashi."

"Gilashin da ya kusa raba shi da ƙafa?"

"To zubarwa yake."

"Na duba kwandon shara, Yaya. Har ƙasan taga na leƙa."

"Ke dai kin iya bincike, abinci ne ba ki iya ba," ya ce, yana dariya. Da ya ga ba ta taya shi ba sai ya ajiye kwanon. "Auta, ba zan zuba ido ya ƙare a nan ba. In wata ya ƙare bai ciko ba, zan ɗauke shi ya koma wajena. A saki ɗakin nan."

Daga falo Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba inda zan je." Yana zaune kusa da kujerar Inna, wadda har yanzu gyalenta ke rataye a hannunta. Auta ta san in aka raba shi da ɗakin nan an gama da shi. Ta kuma san Yaya ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Ta je wajen mai shagon kayan kicin ko zai raba mata gardama. Ya ɗauko na gilashi ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ba ya riƙe wari, kana ganin abin da ke ciki. Ya ɗauko na silba ya sake shi a ƙasa, ya ce wannan kuma har jikoki.

"To wanne ya fi?"

"Duk sun fi."

"Wanne ne ke sa tsoho ya yi ƙiba?"

Mai shago ya dube ta, ya dubi kwanukan. "Hajiya, wannan kam ba a kawo mana shi ba tukuna."

Ta fito kanta ya fi ɗaurewa.

Wata rana keken ɗinkinta ya lalace da hantsi, aka ce sai mai gyara ya zo. Ta ce bari ta leƙa Baba, ta zauna ta ga cin nasa da idonta. Tana shiga ginin benen da Baba ke zaune ta ji wani na hawa matakala a hankali, ƙafa ɗaya na ja. Ta ɗaga kai. Baba ne, ya wuce ƙofarsa, ya rungume kwanon silba a ƙirji da hannu biyu. Ta bi bayansa. A hawa na sama ya ƙwanƙwasa wata ƙofa, wata tsohuwa mai sanda ta buɗe, ta karɓa, ta miƙo masa kwanon jiya a wanke.

"Ka ce wa 'yarka gishirin jiya ya yi daidai," in ji tsohuwar. "Ta fara kamo hannun uwarta."

Baba ya juyo, suka yi ido huɗu.

"A'a, Auta. Yau ba aiki?"

"Baba, abincinka ne fa ka bayar."

"Nawa?" Ya dubi kwanon da ke hannunsa. "Wannan ai na silba ne."

"To, na silba fa?"

"Na silba na fita ne."

Ba a wannan ginin su Auta suka girma ba. Sai da duk suka yi aure Inna da Baba suka dawo nan, saboda haka akwai abin da ba su sani ba. A kan matakala Baba ya faɗa mata, yana mamakin ma wai ba ta sani ba. Inna in ta dafa, na gida takan sa a gilashi, don ya buɗe firij ya gani ba sai ya tambaya ba. Na silba kuwa na mutane ne: tsohuwar sama, ko wanda aka kwantar a asibiti, ko maƙwabciyar da ta haihu. Silba ke jure hanya. Shi aikinsa kaiwa. Sau ɗaya ya taɓa buɗe na silba ya ɗauki cinyar kaza, Inna ta bi shi da ludayi har falo.

"To kai me kake ci duk kwanakin nan?"

"Akwai burodi. Akwai shayi."

"Me ya hana ka faɗa min?"

Ya shafa lotsewar kwanon da babban yatsa. "Na ga kina ta ƙoƙari, kin riƙe alherin uwarki bai tsaya ba. Na ɗauka nawa ne aiki ya sa kike mantawa. Tun da na fasa miki kwano kuma, ban ga bakin tambaya ba."

Auta ta zauna a kan matakala. Ta rasa kuka za ta yi ko faɗa, ta kuma rasa da wa za ta yi faɗan. Ita da ta ɗauka ta san kicin ɗin Inna kamar tafin hannunta.

Da suka sauko ta hau kujera ta jawo zannuwan nan daga bayan kabad. Ta warware, ta ɗauki gilashi ɗaya, sai ta tuna jinin da ta goge a wannan wurin, ta mayar. Ta sake ɗauka. Ta daɗe tsaye, gilashi a dama, silba a hagu. Daga baya ta dafa taliya da ƙwai, abin da ta samu ke nan, ta zuba a gilashi, ta shimfiɗa tawul a tebur ta ɗora. Ta nemo takalmansa masu kauri ta ajiye a ƙofar kicin.

"Baba, ba ka shiga nan ba takalmi. In ya fashe ya fashe, kada ka tsince, ka bar min."

"An ji."

Ya leƙa ta gefen kwanon kamar yadda ya saba, sannan ya buɗe. Ya ci, ya ci, har ya kankare gefe. Tana tsaye ta kira Yaya a waya.

"Na koma gilashi."

"Ba na faɗa miki ba? Ƙarfen ne."

"Ba ƙarfen ba ne. Ko kuma shi ne, ban sani ba. Ka zo ka gani dai, ka bar maganar ƙarshen wata."

Baba ya ajiye cokali ya share baki. Ya dubi kwanon silba a kife a gefen famfo.

"Gobe fa? Ta sama ta saba."

"Biyu zan kawo," in ji Auta.

"Ki rage barkono a nata. Uwarki na ragewa."