Bana Ke Za Ki Cike

"Ba zan taɓa biron nan ba," in ji Malam Akawu. Ya tura shi da ɗan yatsa har ya gangara gaban matarsa. "Bana ke za ki cike, Tela."

Ni aron dutsen guga ne ya shigo da ni, sai na tarar da Yaya Tela zaune a bakin gado tana share hawaye da gefen mayafi. Fom ɗin harajin abin da take samu a shagon ɗinkinta yana kan tebur, ga gwangwanin biskit da take tara rasit a buɗe. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, kuma tun da na tare a layin nan ban taɓa ganin rubutun kowa a kan takardar nan ba sai nasa. Tsohon akawun kamfanin sufuri ne, rabin layinmu shi ke cike mana, har da ni mai injin markaɗe.

Raina ya ɓaci. Dama bakina ba shi da linzami, shi ya sa Malam ke ce mini Rediyo.

"Haba Malam! Wannan wace irin mugunta ce? Wata ya kusa ƙarewa, in ba a kai ba tara za a ci ta, a hana ta sabunta lasisin shago. Abin da za ka gama kafin shayi ya huce!"

"Rediyo, rage murya." Ya yi tari mai tsawo, ya jingina da filo. "Abin da likita ya faɗa kin ji shi, don ba abin da ke tsallake kunnenki ta katangar nan. In na cike mata bana, baɗi wa zai cike?"

Na ɗauki dutsen guga na fice, na manta ma kayan da zan goge.

Daga ranar kullum da hantsi sai in ji an buɗe makaranta. Ni ma sai in ƙirƙiro dalilin shiga.

"Abin da ya shigo ki ajiye shi dama, abin da ya fita hagu," yake cewa. "Zare, allura, hayar shago, kuɗin wuta, gyaran keke, duk na sana'a ne. Wannan fa?"

"Rasit ɗin takalmin jikarka ne," in ji Yaya Tela.

"Jikata keken ɗinki ce? Cire shi. Kuma da fensir ake farawa, biro sai an tabbata."

Wata rana na leƙa jimlar da ta rubuta, na ce, "Yaya, ki ɗan rage mana. Wa zai sani?"

Malam ya kalle ni ta saman tabarau. "Ramin ƙarya ƙurarre ne, Rediyo. Ki rage bana, baɗi sai kin tuna nawa kika rage. Wanda ya rubuta gaskiya ba ya buƙatar hadda."

Sau ɗaya Yaya Tela ta yi wurgi da fensir ɗin, ta ce ita ba ta yi boko mai zurfi ba, a ƙyale ta. Malam bai ɗaga murya ba.

"Matar da za ta kalli mutum sau ɗaya ta yanka masa riga cif-cif, ita ce lissafi zai gagara? Ɗauko fensir ɗinki."

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da ta juya lambobi biyu a lambar harajinta. Ya gani. Na ga hannunsa ya tashi ya nufi takardar, saura kaɗan ya taɓa. Sai ya janye shi ya cusa a ƙarƙashin bargo, ya danne da ɗayan.

"Ɗauko katin harajinki ki gwada da layin sama," ya ce kawai.

Ta duba, ta sake dubawa, sai ta yi tsaki ta goge da kanta. Wallahi sai da na juya fuska wajen taga.

Ranar da za ta kai fom ɗin, jikin Malam ya tsananta. Ta yi shiri tsaf, ta saka takardun a jaka, sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa fita.

"Malam, a bari sai gobe. Ba na so in fita in dawo in tarar..."

"Gobe ta mai rai ce. Kuma ranar ƙarshe layi har titi yake kaiwa. Je ki. Rediyo na nan, ba za ta bar ni in yi barci ba balle wani abu."

Ai kuwa ban bar shi ba. Na ba shi labarin duk wanda ya yi faɗa a layinmu, da wanda ya ci bashin markaɗe ya canja hanya. Da na ga idonsa na lumshewa sai in ƙaro wani. Ƙofar gida na yin ƙara sai ya ce, "Ita ce?" In ce iska ce. Tsoro ya cika ni, amma ban yi shiru ba. Ranar ce kaɗai surutuna ya yi wa wani amfani.

Rana ta karkata sannan muka ji takunta. Ta shigo da ƙura a ƙafa, ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa a gefen gadon.

"Sun karɓa, Malam. Ma'aikaciyar ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ta ce, 'Mama, wa ya cike miki?' Na ce ni na cike."

"Me kika ce?"

"Na ce ni na cike!"

Ya ji sarai, so yake a maimaita. Ta ɗora masa takardar shaidar a ƙirji, ya lalubo inda aka buga hatimi ya yi ta shafawa da babban yatsa.

"Kin yi kwafi?"

"Na yi."

"To madalla." Ya juyo da ido wajena, yana murmushi. "Rediyo, yau kam buɗe murya. Unguwa ta ji."

Kuma ta ji. Ban bar ko mai faci na bakin titi ba.

Malam bai ga ƙarshen watan ba. Wata safiya ya cika, hannunsa cikin nata. Allah ya jiƙansa, mutum ne.

Da shekara ta zagayo na kwashi rasit ɗin injina a leda, duk sun cukurkuɗe, na shiga gidan. Yaya Tela na zaune a teburin nan, nata fom ɗin a cike a gefe, tabarau ɗin Malam a naɗe a kan taga.

"Yaya, ga nawa. Ki taimaka ki cike mini."

Ta kalli ledar, ta kalle ni. Ta jawo mini kujera kusa da ita. Sannan ta sa ɗan yatsa ta turo fensir, ya gangaro a hankali ya tsaya a gabana.