Ranar da Aka Zo Auna Eriya

Taku goma sha ɗaya ne tsakanin bangon ɗakin Luba da shingen eriyar waya. Hure ta ƙirga da ƙafarta ya fi a ƙirga. Tun da aka kafa ƙarfen nan a bayan gidanta, a ƙauyensu da ke gabas da Shanono, ba ta taɓa cewa yana sa ciwo ba, duk da sharrin da ake yi mata a bakin rijiya. Abin da ta ji a rediyo shi ne tururin da eriya ke fitarwa yana da iyaka, kuma hukuma na da na'urar auna shi. To, a auna mana!

Luba matar ɗanta ce, marainiya, cikinta wata takwas. Hure ta ci burin karɓar jikan nan da hannunta, har itacen wankan jego ta tara. Amma ta rantse in ba a auna ba, gidan gwaggon Luba a Kunci za a kai ta haihuwa.

Wata biyar ɗanta Zaharaddini, malamin makaranta a Bacirawa, yana yawo da takarda ofis-ofis, kafin aka ce injiniya zai zo ran Talata, kuma zuwa ɗaya ne.

Mai unguwa Nababa, wanda a da yake kiran Hure mai neman fitina, da ya ji baƙon gwamnati ne sai ya zama uwa ya zama makarɓiya. Aka share gindin ɗorawa kusa da eriyar, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗaure zabbi biyu na tsaraba. Sai janaretan eriyar ya dame shi.

"Baƙo zai zauna inji na ɓaɓatu a kansa? Ai sai a ce ba mu da tarbiyya," in ji shi. Ya kira Mati maigadi. "Kashe shi har a yi addu'a a gama jawabi."

Mati ya sosa ƙeya. Kowa ya san baturan eriyar sun mutu tun bara, inji na tsayawa sabis ke ɗaukewa. Amma wa zai yi musu da mai unguwa a gaban jama'a? Ya je ya kashe.

Hure na cikin gida tana dama wa baƙi fura, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Liman ya yi addu'a. Nababa ya miƙe ya roƙi hanya, ya roƙi taki, ya roƙi famfo, sai ka ce gwamna ne ya zo. Da ƙyar injiniyan, wani matashi mai suna Kamaruddeen, ya samu ya ciro na'urarsa. Ya zagaya shingen, ya yi sallama ya shiga gida, ya tsaya jikin bangon Luba.

"Alhamdu lillahi, Inna," ya ce. "Ko kusa da iyaka bai je ba. Kusan ma babu komai."

Ya cike takarda, Nababa ya sa hannu yana murmushin na-faɗa-miki. Hure ba ta damu ba, zuciyarta ta yi sanyi. Ta kwance bakin zaninta ta ciro waya don ta yi wa ɗanta albishir. Babu sabis ko ɗigo. Ta ɗaga kai, sai ta ji kukan kurciya, abin da rabonta da jin sa a tsakar gidan nan shekara biyu ke nan. Nan take ta gane.

Ta fito har gindin ɗorawa, ta tsaya gaban injiniyan.

"Ɗana, abin da ka auna a kashe yake."

Kamaruddeen ya duba tasa wayar, fuskarsa ta sauya. Ya dubi takardar, ya dubi agogo.

"Inna, ko an kunna sai ya ɗauki lokaci, ga ƙauyuka uku na jirana. Kuma ai mun riga mun rubuta."

"Hure, kada ki kunyata mu a gaban baƙo," in ji Nababa a ƙasa-ƙasa.

"Ni ce zan kunyata ku? Ranka ya daɗe, an taɓa gwada zafin murhu bayan an kashe wuta? Wata biyar ɗana na yawo a rana, kai ka cinye min shi da jawabin famfo!"

Maza kusan talatin, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Aka sa zabbi a bayan mota, aka yi wa baƙo Allah ya kiyaye hanya.

Motar ba ta ɓace a cikin gero ba Mati ya tayar da inji. Jim kaɗan wayar ta yi ƙara a hannun Hure. Zaharaddini ne.

"Inna, tun ɗazu nake kira ba ya shiga. An auna?"

Hure ta dubi Luba tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta dubi tarin itacen da ke jikin katanga.

"Ka samo mota gobe," ta ce. "Luba a Kunci za ta haihu."