Gwiwoyin Baba Inuwa

Laouali ya idar da sallar asuba ya fito tsakar gida, sai ya ji ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa. Ya duƙa ya taɓa. Raɓa ce ta daskare. Ya daɗe yana gadin wannan istiraha, gidan hutun Abu Nayif da ke bayan Riyad, amma bai taɓa ganin sanyi irin na yau ba.

Ya nufi wurin jakuzi da sauri.

Jakuzin babban baho ne na ruwan zafi, an girke shi a waje kusa da dabinai, da murfi mai kauri da ake ɗaurewa da maɓallai ta gefe. Na baƙin maigida ne. Amma jiya Laouali ya roƙi alfarma, Abu Nayif kuwa ya ce a bar tsohon direbansa ya shiga.

Baba Inuwa ke nan, mutumin Kano. Ya tsufa yana tuƙa iyalin gidan, har gwiwoyi suka ƙi. Yau da rana jirginsa zai tashi, tafiyar da babu dawowa. 'Yarsa Mansura, wadda ya bari tana rarrafe, ita za ta tarye shi a filin jirgi. Abu ɗaya tsohon yake ta faɗi tun da aka buga masa takardar fita daga ƙasar: ba zai yarda ta gan shi a keken guragu ba. Likita a asibitin Shumaisi ya ce ruwan zafi yana sakin gwiwa. Shi ya sa Laouali ya ɗauko shi ya kwana a nan.

To, a Damagaram, garin su Laouali, ba a karɓar baƙo a wuri mai datti. Da yammacin jiya Laouali ya share, ya yayyafa ruwa, ya wanke murfin tas da tiyo. Da ya ji iska ta soma cizo, sai ya ɗauko bargonsa ya lulluɓe murfin yana jiƙe, kamar yadda ake rufe tukunyar tuwo kada ta huce.

Yanzu bargon ya sandare kamar ƙirgi. Ya manne da murfin, murfin ya manne da katako, maɓallan sun cika da ƙanƙara. Laouali ya kara kunne. Inji yana gurnani, ruwa yana nan da zafinsa a ciki. Ya ja, ko motsi.

"Badamagare, me kake saurare? Kifi ka sa a ciki?"

Baba Inuwa ne ya fito, yana dogara sanda, yana jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kaka da kakanni, su biyun kuma ba su taɓa barinsa ya kwanta ba.

"Baba, koma ɗaki. Sanyi zai kama ka."

"Ya riga ya kama ni." Tsohon ya ƙwanƙwasa bargon da sanda, ya ji ƙara kamar allo. "Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni. Na ce kada ruwan ya huce."

"Ka yi wa inji wanka, ka rufa masa bargo. Saura ka dama masa kunu." Ya yi tsaki, amma idonsa yana kan murfin. "Je but ɗin mota ka ɗauko ƙarfen taya. Ɓanɓara ɗaya ce."

"Murfin zai yage, Baba. Leda ce da soso."

"To tafasa ruwa ka kwara."

"Ledar za ta tsage. Abu Nayif ya yi mana kara, ba za mu bar masa ɓarna ba."

Duk shekarun da Baba Inuwa ya yi a gidan, ko madubin mota bai taɓa fasawa ba, kuma yana alfahari da haka. Ya dubi gabas, inda rana ba ta ko leƙo ba. Idrisu, sabon direba, zai zo da hantsi.

"A bar shi," in ji shi a hankali. "Allah bai nufa ba. Su turo ni a keken."

Laouali ya shiga kicin ya sirka ruwa, ya gwada da gwiwar hannu kamar na wankan jariri, ya cika butocin alwala biyu. Ya jawo kujera kusa da bahon, ya zaunar da tsohon, ya miƙa masa buta ɗaya.

"Kai ka riƙa tsiyayawa a kan maɓalli, ni ina goge ruwan kafin ya sake kamawa. Shuwayya-shuwayya, in ji Larabawa, sannu-sannu."

"Yau bawa ke ba ubangidansa umarni."

"Wane ubangida? Tsiyaya, Bakano."

Suka kama aiki. Ruwa siriri yana sauka, tururi yana tashi, Laouali yana bi da tsumma. Ya cusa yatsu ƙarƙashin bargon yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, har yatsun suka daina jin komai. Maɓalli na farko ya yi ƙas ya buɗe. Na biyu ma. Na kusa da tsohon ya ƙi. Baba Inuwa ya ajiye buta, ya rufe maɓallin da tafukansa biyu, ya sunkuya yana hura masa iskar baki, gemunsa yana taɓa katako.

"Ranar da na baro gida," ya ce, bai ɗago ba, "Mansura ma haka na riƙe ƙafafunta. Sun yi sanyi. Uwarta tana ta cewa mota za ta tafi ta bar ni."

Laouali ya ci gaba da gogewa, bai dube shi ba.

Rana ta haura katanga ta sauka a kan murfin. Bargon ya soma laushi yana ɗiga. Can maɓallin ya saki a hannun tsohon. Laouali ya bi bakin murfin da buta, ya zagaye, ya sa kafaɗa ya ɗaga. Tururi ya turnuƙe su.

Ya taimaka masa ya tuɓe, ya bar shi da gajeren wando, ya rungumo shi ya saukar da shi a ruwan. Bai da nauyi ko kaɗan. Baba Inuwa ya runtse ido ya ce bismillah. Laouali ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin ruwa yana murza masa gwiwoyi.

"Ashe abin da Larabawa ke ji ke nan," in ji tsohon bayan wani lokaci. "Ni ina mota ina jiransu."

Da Idrisu ya yi hon a ƙofa, Baba Inuwa ya riga ya sa farar rigarsa da hula. Ya miƙe. Ya dubi sandar, ya jingina ta da dabino. Ya taka ɗaya, ya taka biyu.

Laouali ya san zaman jirgi mai tsawo ne, zafin ruwa ba lalle ya kai Kano ba. Ya zaro waya, ya koma gefe, ya soma ɗaukar bidiyo. Tsohon ya hango shi ta wutsiyar ido. Bai hana ba. Ya gyara hula, ya miƙe baya sosai, ya taka har bakin mota babu mai riƙe shi.

"Ka ɗauka da kyau?"

"Har takalmi ya fito."

"Tura wa Mansura yanzu. Kada ka rubuta komai, rubutunku na Damagaram ba ya karantuwa."

Laouali ya tura. Ya ɗauko sandar ya zagaya ta baya, ya sa ta a but ƙarƙashin jaka, ya rufe a hankali. Sannan ya zo tagar mota. Tsohon ya kama hannunsa, ya ji yatsun sun yi sanyi ƙarara, sai ya haɗa su cikin tafukansa ya riƙe. Idrisu ya jira, bai tayar da mota ba.