Kaset ɗin Labaran a Gidan Makoki

Labaran direban amjad ne, ƙaramar motar hayar nan mai cin mutum bakwai, kuma duk unguwar Alsahafa an san shi da kasa-kasai. Duniya ta koma sauraron waƙa a waya, shi yana nan da kwalin takalmi cike da su a ƙarƙashin kujera. Akwai wanda ya saya ranar da ya baro gonakin auduga na Jazira, akwai wanda ya yi ta ji shekarar da ya yi jinyar ƙafa a asibitin Soba, wanda har yanzu in ya sa shi sai ya ji warin asibiti. Amma sarkinsu wani tsohon kaset ne marar suna da ya tsinta a kasuwa yana saurayi: goge da kalangu, da wani mawaƙi mai zaƙin murya yana Hausar Jazira. Waƙa ta uku a ciki, mai yabon wata mai farin goshi da tafiyar ƙasaita, da ita ya yi neman matarsa Ni'imatu.

Wata rana kaset ɗin ya shiga rediyon motar ya ƙi fitowa. Bayan mako guda maɓallin rage murya ya karye. Labaran bai damu ba. Ya gano wata jar waya a bayan rediyon. In ya raba ta shiru, in ya haɗa goge ya tashi.

Ana nan sai Malam Idirisu ya rasu a Omdurman. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, mai tsananin da ko ƙarar waya mai kiɗa ba ya bari a gidansa. Dattawan masallacin unguwarsu Labaran su shida suka ɗauki motarsa haya ya kai su ta'aziyya. Ya raba jar waya, ya naɗe ta da leda, suka haye gada babu abin da ke tashi sai tasbihi.

Sun iso ana cike a rumfar makoki. Dattawa suka sauka, suka ɗaga hannuwa za su yi fatiha, sai Salahuddin, babban ɗan mamacin, ya roƙi Labaran ya ɗan gusa da motar don mai kawo ruwa ya wuce. Labaran ya ja baya, taya ta faɗa wani ɗan rami, ledar ta zame.

Kalangu ne ya fara, goge ya biyo. Mawaƙin ya buɗe murya yana kiran 'yan mata su fito fili, ƙura ba ta kisa. Labaran ya cusa hannu yana laluben waya, wuta ta ja shi. Ya kashe mota, amma tun da wani makaniki ya haɗa masa rediyon kai tsaye da batir, goge bai san an kashe ba. Liman ya tsaya da hannuwa a sama. Labaran ya cire rawaninsa ya danna a kan lasifika, abin ya koma kamar ana biki a cikin rijiya.

Kafin ya samu wayar, wata tsohuwa ta leƙo daga ƙofar mata. Hajja Bakhita ce, matar mamacin. Ta ce a bar shi. Ta saurara har baiti ya ƙare, sannan ta ce da ɗanta, "Salahuddin, ka gaishe da ubanka. Shi ne wannan."

Wani tsoho a cikin rumfar, wanda ƙafarsa ta riga ta fara motsi a ƙarƙashin jallabiya, ya tabbatar. Ya ce kafin hatsi da aikin hajji, Idirisu ne ke tashin kowane biki a ƙauyukan Jazira, kuma shi da kansa ya riƙe masa kalangu shekara huɗu. Salahuddin, wanda aka taɓa zane shi saboda ya yi fito da baki a tsakar gida, ya zauna a kan kujera.

Washegari 'ya'yan mamacin suka zo har Alsahafa suna neman kaset ɗin, don kada ya ƙara fita. Labaran ya ce ko ya so bayarwa, mota ta riƙe. Suka gwada da cokali, suka gwada da wuƙa, suka haƙura.

Da Hajja Bakhita ta fita takaba, sai ta aiko a kira shi. Ta shiga gaba ta zauna, ta ce ya haɗa wayar ya kai ta bakin kogi, kada ya yi sauri. Tun daga nan duk Alhamis da la'asar haka suke yi. Tana ba shi labarin kowace waƙa: wannan a bikin wane aka yi ta, wannan habaici ce ga wani mai rabon ruwan gona. Da suka zo ta uku, Labaran ya gyara zama ya gaya mata cewa da ita ya samu matarsa, ya ce lallai ita ce mai farin goshin.

Hajja ta yi dariya har ta share hawaye da gefen tobinta, mayafin da ta naɗa. "Ya waladi, ɗana, jakarsa ce mai ƙafa huɗu. An sace ta a kasuwa, ya yi wata guda ba ya cin abinci."

Labaran ya kwana uku yana juya maganar kafin ya gaya wa Ni'imatu. Tana tankaɗe ta ce ai ta daɗe da zargin haka, don ba ta taɓa jin macen da ake yabo da iya ɗaukar buhu biyu ba. Ta ga dai yana rera ta da zuciya ɗaya, shi ya sa ta ƙyale shi.

Daga baya wani makaniki a unguwar Alshajara ya kwance rediyon gaba ɗaya ya ciro kaset ɗin lafiya. Labaran ya kai wa Hajja, don ya ga ta fi shi haƙƙi. A hanyar dawowa, motar shiru, ya ji wani ƙwanƙwasa daga ƙasa, wanda kiɗa ya daɗe yana rufewa. Ya koma wurin makanikin. Mutumin ya leƙa, ya fito yana goge hannu, ya ce wannan ƙarar ta fi shekara biyu, kuma ikon Allah ne kaɗai ya riƙe tayar baya.