Yaya da Cokalin Ɗanɗano

Yayata takan ce ita ba ta cin abinci, kuma da za a kira ni shaida gaban alƙali, da na rantse gaskiya ta faɗa. Tun da ta buɗe ɗan gidan abincinta a bakin titi, ita a gaban murhu, ni ina kai farantai tebur, ban taɓa ganin ta zuba wani abu ta ce wannan nata ne ba. Da safe ruwan shayi, da yamma ta ce ƙamshin girki ya cika mata ciki. Shi ya sa ranar da jiri ya ɗebe ta tana sauke tukunyar shinkafa, muka kai ta asibiti, likita ya ce hawan jini ne, ta rage gishiri da maiƙo, ni na fara hayaƙi.

"Ta rage me, Likita?" na ce. "Matar da ba ta ci? Sai dai ta rage shan iska."

Likitan mai sanyin magana ne, bai biye mini ba. Ya dubi Yaya ya ce, "Baiwar Allah, jiki ba ya ƙirƙiro gishiri da kansa. Ta wata ƙofa yake shiga." Ya rubuta magani, ya ce mu dawo awo bayan 'yan watanni.

Ɗanta ɗaya tilo, wanda muke kira Injiniya tun kafin ya gama karatu, shi ya kai mu a motarsa. Da muka dawo, ya tsaya a ƙofar shago ya juyo wurinta.

"Umma, in aka koma awo jinin nan bai sauka ba, za a rufe wurin nan," ya ce. "Ɗakinki na nan a gidana, ki zauna ki huta. Don Allah kada mu yi gardama."

Na san ba mugunta ba ce. A hannunsa babansa ya cika, da irin wannan ciwon, tsoro ne ya cika yaron. Amma na san Yaya. Wanda ya raba ta da tukwanen nan ya sa ta gaban talabijin, ya binne ta da ranta ne kawai.

Ita kuwa ba maganar ɗanta ce ta fi ƙona mata rai ba, ta likita ce. "Wato maƙaryaciya ya mai da ni," ta yi ta faɗa har muka rufe shago. Washegari da sassafe sai ga ta da wani ƙaton kwano, ta dire shi gefen murhu.

"Auta, zo ki zama shaida. Duk abin da zai shiga bakina yau, sai na zuba kwatankwacinsa a nan. Da yamma mu ɗauka mu kai masa, ya nuna mini ƙofar da yake faɗa."

"Yauwa Yaya!" na ce. "Gani ya kori ji. Ni zan riƙe kwanon ma."

To, ga yadda Yaya ke girki. Miya ɗaya sai ta ɗanɗana ta in albasa ta soyu, ta sake in ta sa gishiri, ta sake in ta tafasa, ta sake don ta ji ko ta kwanta. Tukwanen miya kuwa ba ɗaya ba ne. Nama sai ta ciji yanka ta ji ko ya yi laushi. Shinkafa sai ta ɗebo a cokali, taliya sai ta zaro. In kifi ya fashe a cikin mai, ba ya sayuwa, zubar da shi kuma almubazzaranci ne, sai bakinta. Wani ya leƙo ya ce gishiri bai ji ba, ta koma ta ɗanɗana, ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa. Duk a tsaye, tana magana, tana faɗa da mai kawo gawayi. Kuma kowane cokali, ba ha'inci, tana zuba ɗan'uwansa a kwano.

Kafin azahar kwano ya cika. Ta miƙa hannu ta ɗauko na biyu. Da la'asar shi ma ya kusa kai baki, mai ya taso ya kwanta a sama ja wur. Yaya ta kife bokiti ta zauna, ta zuba wa kwanukan nan ido. Tausayinta ya kama ni.

"Ai yau ciniki ne ya yi yawa," na ce.

"Rufa mini baki, Auta. Yau da aka wuni ana ruwa, rabin mutane ba su zo ba?"

Na zaci kuka za ta yi. Sai ta tuntsire da dariya, har tana share ido da bakin ɗankwali. "Ashe ni ce babbar mai cin abinci a shagon nan! Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya yafe mini zagin da na yi wa likitan nan a zuci."

Wallahi a ranar na ƙara sanin wace ce yayata. Ni da ni ce, da na kifar da kwanon a kwata na ce ba a yi ba. Ita ta kafa shaida don ta kare kanta, shaidar ta juya mata baya, ta karɓa hannu bibbiyu ba tare da ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi ba.

Daga ranar ta rataye cokalin ɗanɗano a ƙusa. Ta ce hanci da kunne su ma ma'aikata ne, sun daɗe suna cin albashin banza. Ta riƙa sunkuyawa kan tukunya tana shaƙar tururi, tana sauraron yadda miya ke ɓararraka. Gishiri kuwa ta daina ɗiba da hannu, sai da ƙaramin cokali, kullum tana ɗan ragewa. Ta ƙara citta da tafarnuwa da albasa, ta riƙa matsa lemun tsami a kan kifi. Ɗanɗano sau ɗaya tak a kowace tukunya, kuma ni ta ba aikin. Ni kuma harshena na gishiri ne, kullum sai na ce bai ji ba, kullum sai ta ce, "Madalla, to ya yi ke nan."

Ba wai abin ya zo da sauƙi ba. Hannun da ya saba, ko ba cokali sai ya nemi hanya. Sau da yawa nakan ga ta ɗauko yankan nama har ya kusa kai baki, sai ta tsaya ta dube shi ta ce, "Kai dai ba ka da kunya," ta mayar. Masu cin abinci ma ba su bar mu ba. Shugaban makanikan da ke tsallaken titi ya kai loma ɗaya ya ce, "Yau kuma ruwan wanke tukunya aka ba mu?" Saura ƙiris in sauke masa tire a ka. Yaya ta fito da kanta, ta ajiye ɗan kwanon gishiri a kowane tebur.

"Mai so ya ƙara da hannunsa," ta ce. "Ni na daina ɗaukar alhakin jinin mutane."

Wasu sun ɗauke ƙafa, ba zan ɓoye ba. Wasu sun dawo. Makaniken nan bai fasa zuwa ko rana ɗaya ba, bai kuma fasa ƙorafi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaman rana. In cunkoson azahar ya lafa, sai ta tura ƙofar shago rabi, ta wanke fuska, ta zuba wake da ganye da ɗan kifi a faranti, ta yanka kokwamba a gefe, ta zauna a teburin da ke kusa da taga. Ba waya, ba zancen kasuwa. Ta yi bismilla, ta riƙa tauna a hankali kamar mai jiran wani. Ranar farko ta ɗago ta ce, "Auta, ashe haka wake yake? Shekara da shekaru ina dafa shi, sai yau muka gaisa." Da safe kuma ta daina hawa mota zuwa kasuwa, a ƙafa muke zuwa, ina biye ina mita. Gwiwata ta daina ciwo, amma ban gaya mata ba, kada kanta ya kumbura.

Ranar awo Injiniya ya yi tafiyar aiki, mu biyu muka je. Yaya ta fara da ba likita haƙuri, ta ba shi labarin kwanuka, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya auna ta, ya ce jinin ya sauka sosai, amma da saura, ta ci gaba da magani da abin da take yi. Da Injiniya ya kira shi a waya, kalmar nan "da saura" kaɗai ta shiga kunnensa.

Washegari da rana ina share tebur na ji tsayuwar motarsa. Ganin ƙofa a ture da rana tsaka, ya ɗauka wani abu ya faru, ya banko ta ya shigo yana haki. Na ajiye tsumma na gyara ɗaurin zane, don na shirya masa tsaf. In rufe shago ya zo yi, sai dai ya rufe da ni a ciki.

Amma bai ko dube ni ba. Ya tsaya cak yana kallon uwarsa a bakin taga, da faranti a gabanta.

"Umma," ya ce, "zaune kike?"

"A'a, tashi sama nake."

Bai yi dariya ba. "Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ki kina cin abinci a zaune ba. Ko ranar da na gama makaranta, kowa na tebur, ke kina kicin."

"Na sani," ta ce.

"Na zo ne in tafi da ke. Don ki zauna ki huta."

Yaya ta ajiye cokali. "To ga shi na zauna. A gidanka zan zauna ne don an hana ni tashi, ka dawo kullum ka tarar da ni ina ƙirga sakar gizo. Nan kuwa ni na zaunar da kaina. Da saura, na ji, kuma ban ce na gama ba. Ka bar ni in ƙarasa." Ta tura masa kujera da ƙafa. "Auta, zubo masa."

Na zubo na dire masa. Ya zauna ya kai loma, ya daɗe yana tauna, idonsa ya ciko.

"Ba gishiri," ya ce.

Yaya ta harare shi. "Da wannan tumbin naka kake mini maganar gishiri? Ci ka yi shiru."

Ya ci, bai bar ko ƙwayar wake ba. Tana ci yana ci. Da ya gama ya juyo wurina.

"Inna, kullum war haka take zama?"

"Kullum," na ce a daƙile, don har lokacin ban yarda da shi ba.

"To daga gobe a riƙa zubawa har da ni."

Nan na gane shago ya tsira, na kwashe farantan na shige kicin, na zauna na yi kukana son raina.