Ƙurar Ƙarƙashin Gadon Farfesa

"Ajiye tsintsiyar nan, Uwata."

"Ba zan ajiye ba, Baba. Likita ya ce ƙura ce ke tayar maka da tarin nan. Ko shi ma bai san aikinsa ba?"

"Ya san huhu. Bai san ƙura ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa, riƙe da jarkar ruwan da na ɗebo masa. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, bai taɓa riƙe alli ba. Mu ɗalibai muka laƙaba masa Farfesa don tsiya, sunan ya biyo shi har gida.

'Yarsa ta durƙusa ta share ƙarƙashin gadon tas. Shi kuwa ya juya fuska ga bango. A wani gari take aiki, ba ta cika samun zuwa ba, don haka kafin ta tafi ta tsare ni da ido.

"Kai da ka gama makaranta kana zaman kashe wando, duk bayan kwana biyu ka share wurin nan, ka goge da ruwa. Ka ji ni?"

"Na ji, Anti."

Tana fita ya yafito ni. Ya nuna mini hasken da ya ratso ta taga, ƙurar shara na yawo a cikinsa.

"Haka rana ta faro," ya ce. "Wani ƙaton gajimare na iska da ƙura, can cikin duhu da sanyi. Nauyinsa ya riƙa janyo shi ciki, yana juyawa, har ya baje kamar faranti. Tsakiyar ta matsu, ta yi zafi, ta kama haske. Tauraro ke nan."

"Sauran fa?"

"Ƙurar da ta rage a gefe, ƙwaya ta manne wa ƙwaya. Ta zama tsakuwa, ta zama dutse, ta zama inda kake tsaye ka ƙanƙame mini jarka kamar za a ƙwace."

Na ajiye jarkar. Ya yi tari mai tsawo.

"Sau talatin na ji ana faɗa a aji, ina baya ina ɗauraya. Ban taɓa gani ba. Farkon kawai nake so in gani, yadda take fara haɗuwa ba hannun kowa."

"A ƙarƙashin gado, Baba?"

"Kana da wani sararin da za ka ara mini?"

Daga ranar, bakin gadon kawai nake sharewa, iya inda ido ke kaiwa. Sau ɗaya a mako in kwanta rub da ciki da tocila da rula, in auna dunƙulen ƙurar da ya fi girma ba tare da na taɓa shi ba. Shi kuma ya rubuta a wani tsohon littafin makaranta. Da farko kamar ƙwayar wake. Daga baya kamar ƙwai.

Anti takan kira ni a waya.

"Kana sharewa?"

"Ina sharewa."

"To me ya sa muryarsa ta koma haka?"

"Sanyi ne, Anti."

A wata na huɗu ya daina iya kwanciya. A zaune yake barci, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ina ji ta bango. Wata rana na shiga da tsintsiya da bokiti, na yi niyya da gaske. Ya kama wuyan hannuna. Ba ƙarfi a riƙon, da na so da na fizge.

"Ɗana, akwai biyu can kusa da bango. Saura kaɗan su haɗu."

Na mayar da bokitin waje.

Ranar Laraba da hantsi ina wanki na lura bangon ya yi shiru. Na daɗe hannuna cikin kumfa kafin na tashi. Na same shi a zaune, kansa ya karkata, littafin a cinyarsa. Ya ja layin makon, ya bar gurbin awo.

Kafin la'asar Anti ta iso. Ɗakin ya yi wa mutanen da suka zo jana'iza kaɗan, ƙanen Farfesa ya ce a fitar da gadon. Ni da tela na ƙofar gida muka kama, muka ɗaga.

Dunƙulen ƙurar suna nan, toka-toka, sun fi ashirin, manya da ƙanana. Iskar ɗaga gadon ta motsa su. Babban ya gangaro a hankali bisa siminti, yana kwashe ƙananan da ke hanyarsa, har ya tsaya a gefen ƙafar Anti.

Tela ya dubi ƙasa. Gadon na hannuna, ba inda zan ajiye shi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta ma dube ni ba.

"Wannan ya yi ta shaƙa, ina kiranka kana ce mini sanyi ne?"